Ɗan Saƙon da Ya Makara

An ɗauke kuran tun bayan isha'i.
Unguwar Bilbis ta yi tsit, sai sauro da ni.
Na jingina cocila da kofin shayi,
kaye arba'in da bakwai suna jiran jan biki.

Tambaya guda na ba su ran Talata,
a kan tsohon wasan nan na Ingila
wanda alƙali ya rantse gaban jama'a,
ya yanke wa ƙanensa igiya da bakinsa,
gaskiya ba ta iso ba sai da gawa ta huce:
wa ya rushe gidan, hali ko ƙaddara?

Littafin malamai ya riga ya amsa.
Girman kai, in ji shi, da taurin zuciya.
Shekara goma sha ɗaya ina rubuta shi bisa tablo,
har alli ya san hanya, ba sai na ja shi ba.

Illiyasu ya maido mini maganata ɗungum,
har da tarin da na yi a tsakiya.
Agali ya ce alƙalin namiji ne,
namiji ba ya tofar da yawu ya lashe.
Wani ya ɗora wa matar, don ta yi shiru.
Wani ya ɗora mata, don ta yi magana.
Sha biyu, tara, sha ɗaya da rabi,
hannuna na tafiya kamar jakin ɗiban ruwa.

Sai kayen Habsu Illa, mai zama kusa da taga,
wadda ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna.

Ta ce: Mushe, ni ɗan saƙon nake kallo.
Ba a ba shi suna ba, layinsa guda ne.
Ya shigo da ƙura har gira, takarda a hannu,
ya tarar an gama.
Alƙali ya samu shafi uku yana kuka,
har mutuwarsa da baiti aka yi mata rakiya.
Shi ko wannan, wa ya ce masa zauna?
Wa ya tambaye shi inda dokin ya gurgunce,
ko gulbin da ya cika ya tsare shi kwana?
Manyan duk sun mutu sun huta.
Shi ne zai koma gida, ya ci tuwo,
ya tashi da safe, ya sake tashi.

A ƙasa ta ƙara, da ƙaramin rubutu:
Babana yana tuƙa motar asibiti.
Bara ya ɗauko wata mai naƙuda daga Bambai,
taya ta fashe, ba ta canji.
Ba wanda ya zage shi.
Har yau in zai wuce ƙofar gidansu
sai ya kashe rediyo.

Na aje bikin.
Shayi ya yi sanyi, cocila ta fara ja.
Na buɗe wasan, na nemi wurin.
Ga shi nan, layi guda, sai umarnin ya fita.
Sau nawa na tsallake mutumin nan
ina sauri in kai ga jawabin alƙali?

Ba ta amsa tambayata ba.
Babu hali, babu ƙaddara, babu gabatarwa,
ga kuskuren nahawu bakwai, na ƙirga.
In sufeto ya gani, takwas ce, da alheri.

Can wajen ƙarfe ɗaya kuran ya dawo,
fanka ta kaɗa, takardu suka watse.
Na tsince su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin tebur.
Nata na bar shi babu maki tukuna,
na dai rubuta a gefe: ki karanta mana gobe,
da ƙarfi, yadda na baya za su ji.