Kafin Rana Ta Faɗi

Shekara bakwai ina dako a Idumota,
wuyana ya san kowane ɗan kasuwa:
wani kayansa ke da nauyi,
wani biyan kuɗin ne ke yi masa nauyi.

Obadiya Nwokedi, mai shagon ƙusa da kwaɗo,
'yar hula a tsakar ka, ko tafin hannu ba ta kai ba.
Bayahude ne shi, in ji shi.
Na yi dariya. Shi ma ya yi.

Kullum da safe sai ya goge farantin sikeli.
Na ce, Oga, ƙura ce fa kawai.
Ya ce, Tanimu, ƙura ma tana da nauyi,
ban saye ta ba, don me zan sayar?

Wata Juma'a ruwa ya ɓarke.
Na sauke masa buhu goma sha biyu,
na ga jama'a sun yi masa yawa, na wuce,
ai Lahadi ma rana ce.

Ina jiran danfo a gindin gada
sai ga shi sharkaf, takalmi ɗaya a hannu.
A koyarwarmu, ya ce yana haki,
haƙƙin ɗan ƙwadago ba ya kwana a aljihun wani.

Asabar ɗinsa na shigowa,
ya juya da gudu.

Na tsaya da jiƙaƙƙun kuɗi a hannu
ina tuna tsohona a Funtuwa,
yadda yake cika mudu
har sai ya yi tozo.