Takalmin Hagu

Ni ne badukun bakin Ƙofar Guga,
basilla da zare, sai ƙirgi, sai jira.
Shekara hamsin da ɗoriya ke nan
takalmi ɗaya na rataye a rumfata,
na hagu, baƙi, hancinsa ya sha ɗinki.
Masu tambaya sun gaji. Yau zan faɗa.

Haladu ne mai shi, ɗan Rafindaɗi,
wanda ya fara da ƙwallon tsumma a lungu,
ya fasa tulun gwaggonsa sau uku
kafin ya san akwai abin da ake kira raga.
Bahago. In ya karkata kafaɗa,
'yan baya su bi iska, shi ya bi ƙwallo.

Kulob ɗin masaƙa suka zo da takarda,
fam huɗu a wata, da riga mai lamba sha ɗaya.
Uwarsa ta ce, "Yanzu gudu ma sana'a ne?"
Ya sayo mata turmin atamfa, ta yi shiru.

Amma kada in ci haƙƙin Obiora,
ɗan makanikin Sabon Layi, mai lamba takwas,
wanda Katsinancinsa ya fi nawa kauri.
Shi ke gani, Haladu ke gamawa.
Ba sa kiran juna a fili, gira ta isa.
Ƙwarya ɗaya suke shan fura bayan wasa,
su kawo mini takalma huɗu da kuɗin biyu.

Sai shekarar da rediyo ya sake murya.
Wata asuba babbar mota ta tsaya a tasha,
Obiora ya hau da uwarsa da akwati,
ya leƙo ta bodi ya ce, "A ajiye mini gurbina."
Damina na zagayowa aka fara ɗibar kurata.
Haladu ya miƙo mini na hagun: "Hanci ya buɗe.
Ɗinke shi, wata uku zan dawo."

Wata talatin aka yi.

Wasiƙa biyu ya aiko, malamin makaranta ya karanta:
ruwan can ba ya ɗaukewa, kurmi ba shi da gefe,
takalmin soja ya ci masa dunduniya.
Ta biyun, ga abin da ya rufe ta da shi:
"Duk wanda ya gifta a guje, sai in ga takwas a bayansa."

Ya dawo. Mutane suka duba ƙafa,
ƙafa lafiya lau, duka biyu, yatsu goma.
Aka yi guɗa, aka sa ranar wasa.
Na kai masa takalmin, ya ce, "Bari tukuna,"
ya ari kambas wurin ƙanensa.
Gari ya kwashe zuwa fili, har masu rake.
Minti ashirin, ƙwallo ta faɗo masa a hagu,
gola ya fito, raga ta wangale baki,
jama'a suka ɗauka gaba ɗaya: "Harba! Harba!"

Ya tsaya.
Ya taka ta a hankali kamar mai rufe tukunya,
ya dubi dama, inda takwas ke tsayawa,
wani yaro ne a wurin, baƙon ido.
Ya fita ta gefen layi, bai waiwaya ba.

Wasu sun ce sammu, wasu sun ce tsufa.
Ni dai na san kalmar da muka yi masa ihu da ita
ya sha jin ta daga bakin saje.

Ya zama mai zuba toka a layin fili
kowace Asabar, da gwangwani mai huji,
layinsa miƙe kamar an ja da zare.
Yara ba su san shi ba: "Baba, matsa!"
Sai ya matsa.
Duk direban da ya fito kudu, sai ya tare shi a tasha:
"Ko ka san wani Obiora, mai tabo a haɓa?"
Kudu da faɗi, in ji su. Ya ce, haka ne.

Bara waccan muka kai shi Ɗanmarna.
Ɗinkin kuwa, tun makon farko na gama.
Sule biyu ne kuɗin, ban karɓa ba.
Kowane rani ina shafa masa man kaɗe
don kada fata ta tsage,
ban san don wa ba.