Harafin da Ba a Furtawa

A Grimsby, ranar Talata, ana yayyafi,
kofin shayi ya suɓuce wa Ewan,
ya tarwatse a tsakar kicin.
Kafin ya kame baki kalmar ta fice:
damn.

Kakarsa Enid ba ta tsawata ba.
Shekara talatin da ɗaya ta yi tana cusa Latin
a kan 'ya'yan masunta masu hamma.
Ta ce, rubuta mini ita.
Ya rubuta a bayan takardar kuɗin wuta.
Ta ɗora farce a kan harafin ƙarshe:
wannan fa, don me ka haɗiye shi?

Wutsiya ce, in ji ta, ta tsohuwar kalma.
A Rum damnum suke cewa,
kuma ba wuta a ciki, ba Shaiɗan.
Asara ce kawai.
Jakinka ya ture tulun man zaitun na maƙwabci,
alƙali ya ƙirga, ya yanka maka tara,
ka kwance lalita, kowa ya kama gabansa.

Daga baya masu wa'azi suka ɗauke ta
suka kai ta kotun da ba a ɗaukaka ƙara.
Tarar ta tashi daga azurfa ta koma rai.
Ta haye teku a bakin Faransawa,
ta zauna a coci tana razana mutane,
har masu ɗab'i suka riƙa jin nauyinta,
su sa harafin farko, su ja layi, su wuce.

Yau kuwa?
Duk wanda guduma ta sami yatsansa, tasa ce.
Wuƙar da ta yi yawo hannu-hannu
ko albasa ba ta yankawa.

Ewan na tsintar ɓaraguzai, rabin kunne ya ba ta.
Sai ya ga hannun kofin, shuɗi,
ya tuna na wane ne.
Alwyn, kakansa, da shi yake shan shayin asuba
kafin jirgin da ya fita neman kifi
bai komo ba.

Enid ta karɓi guntun, ta juya shi a tafinta.
Ba ta tsine wa teku ba,
ba ta tsine wa yaron ba.
A hankali ta faɗi kalmar yadda Rumawa suka bar ta,
har da harafin nan na ƙarshe.

Sannan ta ce, tsintsiya na bayan ƙofa.