Maratayi

Wata takwas ina tara kuɗin bututun nan,
dogon ido mai jawo nesa kusa,
kilo uku da rabi in an haɗa shi da kamara.
Ranar da ya iso daga Yamai cikin kwali
shimfiɗa na yi masa kamar baƙo.
Ban tuna da igiya ba.
Mai murnar sabuwar rijiya
sai ya leƙa ruwa yake tuna guga.

Wadda ta zo da shi siririya ce kamar tsirkiya,
an rubuta mata sunan kamfani da rawaya.
Na rataya a wuya, na hau kabu-kabu sai Madarumfa,
na wuni bakin tafki ina dakon zalɓe
ya buɗe fiffike.
Zalɓe bai buɗe ba.
Ni na koma gida wuya a sanƙare,
sallamar isha'i ma
sai da na juya da ƙirji gaba ɗaya.

Tsahara na gasa ni da tsumma da ruwan zafi,
dariyarta a ƙasan maƙoshi:
"Tsuntsu bai san kana yi ba,
kai ko ga ka ɗan dakonsa."

Babbar kasuwa, layin masu waya,
wani saurayi ya miƙo mini mai ƙyalli, jika biyu,
ƙugiyarta roba.
Ja ɗaya na yi, ta ce ƙas.
Ya ce, "Ai ka ja da ƙarfi."
Na ce, abin da za ta riƙe bai iya lallashi ba.

Sai rumfar Nomau baduku.
Bai tambayi mi nake so ba, hannu ya miƙo.
Ya jinjina kayan kamar mai tayin kankana,
ya sa yatsa ƙarƙashin bututun yana matsawa
har inda gaba da baya suka daina gardama.
"Nan za a ɗaura, ga ƙafar ga ta ƙarfe.
In ka ɗaura ga kamara, ƙarami ya ɗauki babba,
wata rana baki ya ɓalle,
ka tsinci wata takwas ɗinka cikin rairayi."

Wata mata ta gitta da goyo, ya nuna ta da haɓa.
"Ka taɓa ganin an goya ɗa da zare?
Faɗi ke cinye nauyi.
Wuya kuma kai aka ba shi, ya ishe shi."

Fatar jar akuya, ninki biyu, faɗin yatsa huɗu.
Ya cusa auduga inda za ta hau kafaɗa,
ya ratsa ta ƙirjina daga hagu zuwa kwankwason dama,
ya rage, ya ƙara, ya sake ragewa,
basilla a haƙori.
Zoben ƙarfe mai zamewa in na ɗaga,
da 'yar tsinke ta biyu, ta ko-ta-kwana,
don ƙarfe ma, in ji shi, yana mantuwa.
Kwana shida. Jika bakwai.
Na yi tayi, ko ɗagowa bai yi ba.

Yau da asuba ga ni bakin tafki,
warin jima na tashi daga kafaɗata,
bututun kwance a kwankwaso kamar yaron da barci ya sace.
Masunta na tura jirgi.
Na yi tafiya har rana ta taɓa kan giginya,
na manta ina ɗauke da wani abu.

Gauraka biyu suka sauka can tsallake.
Hannu ya sauka, kaya ya taso da kansa,
ƙyas, ƙyas.
Na farko ya yi rawa.
Na biyu kuwa, har ƙwayar ido,
har tsinken tukku ɗaya da iska ta karkata.

Zan wanko shi babba in kai wa Nomau.
Na san yadda za a yi:
zai dubi tsuntsun kaɗan, ya ce madalla,
sannan ya juya ni kamar buhu
ya duba ko ɗinkinsa ya saki.