Wata Bakwai Babu Ɗigo

A laburaren Hull, ruwa na dukan taga,
ina bin sawun Edna Thurlby.
Tsohon tikitin jirgin ƙasa, wasiƙa, rasit ɗin masauki,
kowanne na ɗiga masa ja a taswirar kwamfuta.

Whitby, mako uku:
nan masunta suka shigo wasanta da ƙarnin kifi.
Bradford: hayaƙin masaƙa ya sa jarumarta tari
har aka saki labule.

Sai wata bakwai, shiru.
Ba tikiti, ba wasiƙa.
Kwamfuta ta ja layi miƙe abinta,
kamar ɗan Adam bai taɓa ɓatan kai ba.

Na goge layin.
Daga wannan farin fili ne ta dawo
da wasan matar nan mai zuba shayi kofi biyu,
ita kaɗai a kan dandamali.