Tabon Baltasar

A Valparaiso gidaje kan hau kafaɗar juna
don su hango teku.
A ɗaya daga cikinsu, mai rufin kwanon da gishiri ya cinye,
Fresia ta ɗora kwamfuta kan teburin cin abinci,
ta ture kwanon lemun tsami gefe.

Minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya.
Iyakar abin da ya rage na kakanta ke nan,
wani maƙwabci ya ɗauka da kyamarar aro
tun uwarta tana firamare.
Kaset ya koma faifai, faifai ya koma fayil,
kuma duk ƙaura
sai an bar wani abu a tsohon gida.

Ga shi can a bakin kwale-kwale yana jan koma,
fuskarsa dishi-dishi,
kamar wanda ake hange ta gilashin da aka hura wa numfashi.

"Kaka, zauna. Yau za ki gan shi tar."

Eduvigis ta zauna,
ta goge hannu a zanen girki.

Fresia ta shiga saitin manhaja.
Ta ninka girman hoton sau huɗu,
na'ura ta shiga cike gurbi tsakanin ɗigo da ɗigo
da abin da take zato.
Ta kunna mai share ƙura.
Ta kama linzami ta ja ma'aunin kaifi,
ashirin, arba'in,
saba'in da biyar.

Teku ta fara farkawa.
Kowace igiyar ruwa ta yi baki kamar wuƙa,
idon koma ya fito har a ƙirga,
wani farin zare ya bi gefen hularsa,
ya bi kafaɗa, ya bi kunne,
kamar an yanko shi da almakashi an manna a sama.

Sai ya juyo, ya yi dariya.

Haƙora jere reras.
Haɓa sumul.
Kyakkyawan mutum, tubarkalla,
irin wanda ake sa wa a tallan sabulu.

Tsohuwa ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo.
Ta daɗe.
A ƙasa motar kifi ta wuce tana tari.

"Wane ne wannan?"

"Kaka Baltasar mana."

"Baltasar na da wushirya,
ta nan yake min fito in ya dawo da asuba.
Ina tabon?
Ƙugiya ta kama shi a haɓa ranar da aka sa mana rana,
ni na ɗinke, da zaren gyaran koma,
hannuna na rawa, shi yana min ba'a.
Ina kika kai shi?"

Fresia ta duba.
Na'ura ta ɗauki tabon datti ne, ta share.
Ta ɗauki wushiryar kuskure ce, ta cike.
Ba ta yi da mugunta ba.
Fuskoki dubu dubu ta gani kafin tasa,
ta ba shi irin tasu.

"Mai da shi."

Hamsin.
Talatin.
Farin zaren ya warware,
teku ta mai da wuƙaƙenta kube.
Sifili.

Ga shi nan kuma, hazo a cikin hula,
da wani ɗan duhu, bai kai ƙwayar gero ba,
a ƙarƙashin leɓe,
wanda ba ya ce da kowa komai
sai wadda ta riƙe allurar.

"Yauwa," in ji ta.
"Ai idona ma ya yi yana, 'yar nan,
haka nake ganin ku duka yanzu,
kuma ban taɓa kiran wani da sunan wani ba."

Suka sake kallo daga farko.
Sau uku.
A na ukun Fresia ba ta kalli allo ba,
leɓen kakarta take kallo,
yana shirin amsa fito.