Zuciyar Aro

Shekara goma sha tara tana kan duwatsu
a bayan gidanmu na Gwammaja,
mai dogon hanci, mai faɗin ƙirji,
kaji na saka ƙwai a kujerar baya.
Bakwaren da Baba ya yi wa tuƙi
ya bar masa ita ladan gumi.
Da zuciyarta ta tsaya, 'yan jari-bola suka auna injin a sikeli,
suna kawai ya rage mata na mota.

Ran Laraba na kwashi adashe.
Kuɗin ba su kai a yi musu rakiya ba,
aljihu ɗaya ya haɗiye su, ko gyatsa bai yi ba.
Tasi'u bakanike ya goge hannu a gwiwar wando,
ya ce, "Malam, ba a shiga Ƙofar Ruwa da gaggawa,
kuma kada idonka ya gaya wa mai kaya abin da kake buƙata."

Mun same su jere a ƙasa kamar kawunan shanu a kwata,
baƙin mai na tsatsafowa cikin turɓaya.
Ɗan'azumi ya jona wa mai silinda takwas batir.
Kwanon rumfa ya amsa,
mai shayin layin ya zubar da rabin kofi,
ni kuwa haƙarƙarina ya ce: shi ne!
Tasi'u ya taka mini ƙafa.
"Raƙumi ne mai ƙishirwa.
Albashinka zai sha tsakanin nan da Kabuga,
ya dawo yana neman na wani wata."

Ga mai huɗu can, araha kamar gishiri.
Na kalle shi, na ji kunyar Baba.
Wa zai sa zuciyar akuya a ƙirjin bijimi
ya ce masa tashi ka yi huɗa?

Sai can lungu, ƙarƙashin tamfol,
mai shida, daga a-kori-kurar wani kamfani a Sharaɗa.
Tasi'u ya kwance filogi ya sunsuna,
ya murza mai a yatsa yana laluben garin ƙarfe
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
ya kafa sukundireba a jikinsa, ya ɗora kunne,
ya daɗe.
"Ba ya ƙarya," in ji shi.
Muka yi ciniki, muka tafi, aka kira mu, muka sake tafiya,
har ladan ya kira la'asar kafin a ce mun sallama, a ɗora a kura a fita.

Saura giya.
Kowa ya ce otomatik, ƙafar hagu ta huta.
Amma ni na san kan sandar giyar nan,
tafin Baba ya cinye lambobinta har ta yi santsi.
Ina so in taka kuloci, in ji ta tambaye ni,
in ba ta amsa da hannuna.
Ta hannun da muka samu ba ta san injin ba,
auren baƙo da baƙuwa.
Sai da Ogbonna na Sabon Gari ya sassaƙa musu faranti,
ya huda rami shida, biyu suka ƙi,
ya sake.
Nan kuɗin fenti suka tafi,
da na tayar baya, da takalmin sallar da na yi wa Ummita alkawari.
Ban gaya mata ba tukuna.

Daren Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya,
Tasi'u ya ɗiga fetur a maƙogwaron kafireto.
Ta yi tari. Ta yi shiru. Ta sake tari,
sannan ta buɗe murya,
ba irin wadda na sani ina yaro ba,
amma Inna ta fito tsakar gida ba mayafi, ta tsaya.

Lita huɗu gare ni.
Ta kai mu Gidan Murtala da tsatsarta, ba gilashi a gefe ɗaya,
giya ta uku tana ɗan gardama.
A dawowa, daidai Ƙofar Mazugal, man ya ƙare.
Tasi'u na turi yana zagina, ina riƙe da sitiyari,
hannuna ɗaya bai bar kan sandar ba,
tana da ɗumi har yanzu, kamar an taɓa wuta.